Baƙin Hayaƙin Inna Habi

Jamilatu, an raɗa! Habi! Sunan kakarki anka sa mata. Wallahi da kunnena na ji liman daga zaure, na rangaɗa guɗa ni da kaina, har gwaggon maigidana Badaru tac ce in rufe baki, maijego ba ta yi ma ɗiyarta guɗa. Ina ruwana. Ƙatuwa ce, baƙa wuluk, ga goshi irin na Inna. Ko barci take sai ki ga ta haɗe gira kamar an zubar mata da kunu. Ba mai iya kiran sunan gatsau, to Ta-Makaranta muke ce mata.

Wanga ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi, amma ba ki jin daɗinai sai na faɗa maki abin da munka ɓoye maki tun damanar bara. In kina da tukunya bisa wuta ki sauke. Jabir mai kai kaya Maraɗi sai la'asar za shi tashi, ina da lokaci, ga tsakiyar littafin ɗiyata Halimatu na yage. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji huɗu na tsaya, kuma ina yi ina shayarwa.

An ce maki ciwon suga yak kashe Inna Habi. Ba ƙarya anka yi maki ba, amma ba a gama maki ba. Ita tas sa munka rantse. Tac ce, "Wadda duk ta faɗa ma Jamilatu ban yafe ba. Na san halin jikata, babur za ta hau ta biyo ta Burkusuma, mutanen daji su tare ta ga hanya, in yi asara biyu."

Kin san yadda muke. Mu Tungar Yero, makaranta can Dogon Marke bisa tudu, tsakaninmu gonakin gero da rafi. Kin san kuma Inna tun ba a haife mu ba take share makarantar nan. Ita ka cika randa, ita ka buga ƙarfe, ita ka ɗaure ma wanda yaf faɗi gwiwa. Ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma in Malam Labbo na kiran suna sai ki ji ta daga taga, "Ba shi nan, zazzaɓi. Wancan kuwa ƙarya yake, shina bisa mangwaro." In an tashi makaranta ta sa shuɗin hijabinta ta bi masu rigakafi gida gida, don in ba ta gaba ba mai buɗe masu ƙofa. Mace ta mutu, ita ka wanka. Mace na naƙuda, ita ka riƙe ta bisa amalanke har asibitin Gatawa. Ni kaina randa na haifi Halimatu ita tar riƙe min ƙugu tana zagina, wai da can da nike gudun lissafi ban san akwai wanda yaf fi shi wuya ba.

Bayan an kai ki Nijar abubuwa sunka lalace. Mutanen daji sunka matso. Malamai sunka gudu, wasu Isa, wasu Sabon Birni, sai Malam Labbo kaɗai da allinai. Abincin da aka ba yara ya daɗe da tsayawa, sai Inna taɗ ɗauki ƙwarya tana bin gidaje, wagga ta zuba mata gero, waccan tsamiya, kullum safe ta dama ma yara kunu ƙarƙashin rumfar kwano bayan aji ɗaya. Sannan anka yanke waya gaba ɗaya. Ba ki iya kiran kowa ki ce hanya lafiya?

To nan ne tat tara mu, mu matan Tunga, ga bakin rijiya. Tac ce, "Ku saurara. In na yi sallar asuba za ni zagaya makaranta, in duba sawun babur, in saurari daji. In lafiya, za ni hura wuta in zuba ƙaiƙayi, ku ga farin hayaƙi ya tashi. Kun gani, ku sako min ɗiyana. Ba ku gani ba, ko Malam Labbo yaz zo da kainai yac ce ku kawo su, ku ce ba ku ji ba."

Haka munka yi wata da watanni. Kullum safe mu hau tudun rumbuna mu da yara, kowa da kofinai rataye ga wuya, ido can bisa giginyar makaranta. Hayaƙi ya tashi, su ruga. Sau uku bai tashi ba, kuma sau ukun duk sai munka ji labari daga baya.

Ranar da nike ba ki labari Talata ce. An kwana ana ruwa. Gero ya fi mutum tsawo, irin lokacin nan da ko raƙumi ya shiga gona ba ki ganinai. Mun hau tudu, yara ashirin da uku. Rana ta fito, ba hayaƙi. Ta hau bisa giginya, ba hayaƙi. Ko kurciya ba ta kuka. Karen su Muntaka ya zauna ya sa hanci gabas, ba shi haushi, ba shi kwanciya.

Na ce ma Halimatu, "Cire kofin, yau ba makaranta."

Sai ga shi ya tashi. Fari, siriri, ya miƙe sama.

"Ga shi can!" Yara sunka sa ihu. Hadiza matar Muntaka tac ce, "Tsohuwa ta makara, ruwan jiya ya yi mata daɗin barci." Munka yi dariya. Sunka gangara, gero yah haɗiye su, sai ƙarar kofuna muke ji tana nisa. Halimatu ce gaba, don ita ka son ta riga kowa ta samu na saman tukunya.

Mata sunka fara watsewa. Ni na tsaya ɗaure kallabi, na sake ɗaga kai.

Jamilatu, hayaƙin nan ya sake launi. Ƙasanai ya yi baƙi. Ina kallo baƙin na hawa yana cinye farin, har yaz zama wani dunƙule mai kauri, ya kwanta bisa giginya kamar hadari.

Na ce, "Hadiza, dawo ki gani."

Ta duba, tat taɓe baki. "Itace ne ya jiƙe, ta sa leda don shi kama. Ke komi sai kin mai da shi magana."

"Inna ba ta sa leda."

"Yau ta sa. Ta ce in mun ga hayaƙi mu sako su. Mun gani ko ba mu gani ba?"

"Fari tac ce."

"To malama, tun da ke kinka yi boko har aji huɗu, karanta mana shi."

Wasu sunka yi dariya. Ni ko ban yi ba, don na tuna wani abu, ke ma kina wurin. Muna aji uku, itace ya ƙi kamawa, na tsinto ledar biredi na cusa ƙarƙashin tukunya don in burge ta. Kin tuna yadda tak kama kunnena tam murɗe? "Ba a dafa ma ɗiyan mutane abinci bisa roba! Tari kike so ki sa masu?" Ta juye kunun nan duka ma awaki, ta sake sabo. Matar da ta yi haka, ita za ta tada hayaƙin da ana ganinai daga Gatawa?

Na ce, "Ko ba hannunta ba ne, ko kuwa magana take yi mana."

Ban jira amsa ba. Na tattare zane na faɗa gero.

Kin san ba a kira. Murya na tafiya da safe, in na ƙwala ma Halimatu kira har makaranta sai an ji. Gudu kawai nike, ganye na yankar fuskata, laka na cire min takalmi, na bar su nan. Abu ɗaya ke kaina, in sun fita gero sun sauka yashin rafi, duk wanda ke bisa tudun makaranta shina ganinsu kamar tafin hannu. Ina gudu ina warin roba, iska na kawo shi har cikin gona.

Na ishe na baya ga bakin gero, sun duƙa suna cire takalma. Na kama biyu na toshe masu baki, na yi ma sauran alama da hannu su kwanta. Ɗiyan yanzu ba su tambaya, Jamilatu. Nan take sunka zube cikin kunya kamar an kashe fitila. Abin da ya fi ba ni tausayi ke nan har yau.

Sai Halimatu. Ita ta riga ta shiga ruwa har gwiwa, ta ɗage riga, kofi na lilo ga wuyanta.

Na ɗaga ido. Bisa katangar makaranta wani na zaune, ya ba mu baya, bindiga kwance bisa cinyarsa, shina kaɗa ƙafa.

Ban san yadda na yi ba. Na tsinci tsakuwa na jefa mata, tas same ta ga kafaɗa. Ta juyo za ta yi tsiwa, na aza yatsa ga baki. Ta dube ni, ta dubi inda nike kallo. Sai ta kama kofin nan da hannu don kada shi yi ƙara, ta fara jawo ƙafa baya, sannu, sannu. Shekararta shida. Mutumin nan ya yi miƙa, ya tofar da yawu, bai juyo ba.

Da rarrafe munka koma. Tsakiyar gona munka gamu da Hadiza, ta biyo ni, ba kallabi, ba dariya. Ta ƙirga kawuna da yatsa har sau biyu. Ashirin da uku.

Abin da yaf faru can rumfa kuwa, daga bakin Inna na ji, tana kwance asibitin Sabon Birni ina yi mata fifita.

Tac ce ta zagaya kamar kullum ba ta ga sawu ba, ashe ruwa ya wanke. Mutanen daji sun tura baburansu cikin aji biyar tun kafin ruwan. Tana buɗe ƙofa ta share, sai ga su, goma sha ɗaya, wasu kwance bisa benci. Babbansu yac ce, "Sannu da zuwa, tsohuwa. An ce ke ce agogon garin ga."

Kin ji ko? An ce. Wani ya kai masu. Har yau ba mu san ko wane ne ba, kuma muna gaisawa da shi.

Tac ce mashi, "Yau ba karatu, malamin na Isa." Wannan gaskiya ne, Allah ya taimaki Malam Labbo ya tafi karɓo alli tun Litinin, sai hantsi aka sa ran shi, ruwan dare kuma yat tsare shi can.

Yac ce, "Ba malami muka jira ba. Hura wuta."

"Itace ya jiƙe, ɗana."

"Ni ba ɗanki ba ne."

"To ai na gode Allah."

Wai har yaransa sunka yi dariya. Ɗaya yat tsiyayo fetur daga babur yaz zuba ma itacen, yaƙ ƙyasta ashana. Babban da kainai yaɗ ɗebo ƙaiƙayi daga buhu yaw watsa. Har wannan sun sani. Inna tac ce tana tsaye tana kallon farin hayaƙinta na hawa, ta san mun gani, ta san yanzu kofuna na bisa hanya.

"Na ce ma kaina, Habi, shekara talatin kina kiran ɗiyan mutane su zo, yau kin kira su ga mahauta."

Sai ta duƙa kamar mai gyaran wuta, tac ce, "Fetur na cinyewa wutar ga za ta mutu, ku ba ku san itacen damana ba." Ta zare silifanta, ta cusa su ƙarƙashin tukunya. Ba wanda yac ce mata komi, su da sunka saba ƙona taya. Ta jawo buhun da take aje robobin cin abinci, waɗanda anka raba ma makaranta tun zamanin ciyarwa, waɗanda ko tsagewa ɗaya ta yi sai ta ɗinke ta da zare. Tana damun kunu da hannu ɗaya, tana tura su wuta da ɗayan. Ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Inna, to da ba mu gane ba fa? Ba mu taɓa yin maganar baƙi ba."

Tac ce, "Na san akwai mai kunnen da na murɗe cikinku. Na ce in dai murɗar nan ta shiga, to yau za ta biya ni."

Sun sha kunun. Sunka jira har hantsi ya yi zafi, ba yaro ko ɗaya. Babban ya fita ya dubi hanya, ya ɗaga kai ya dubi hayaƙi, ya daɗe. Sannan yad dawo yad dubi ƙafafunta.

"Tsohuwa, ina takalmanki?"

"Wuta ta ci."

Tac ce bai daka mata tsawa ba, bai ɗaga bindiga ba. Murmushi yay yi. Yac ce tun da ba ta son takalmi, ta ɗauki tukunyar ta raka su. Sunka aza mata ita bisa kai, suna bisa babura sannu sannu, tana gaba ƙafa ba komi, cikin dajin aduwa, har bayan azahar. Can sunka karɓe tukunyar sunka ce ta koma ta gaida yara.

Da magariba masu neman ta sunka tsince ta tana jan ƙafa. Ƙaya huɗu anka cire, ta biyar ta karye ciki. Ga suga. Ƙafar nan ba ta sake rufewa ba. An kai ta Gatawa, an kai ta Sabon Birni, likita yac ce sai an yanke, tac ce da ƙafa biyu taz zo da biyu za ta koma. Wata shida tana jinya. Ko kwana uku kafin ta cika sai da ta tambaye ni ko an rufe randar makaranta, kada ƙadangare shi faɗa.

Ranar jana'izarta, Jamilatu, yara ashirin da ukun nan sunka jeru bakin hanya da kofunansu ga wuya. Ba wanda yas sa su.

To yanzu ga labari na biyu, share hawayenki!

An buɗe makaranta! Yau kwana tara. Sojoji sun dawo kusa, Malam Labbo ya samo wani sabon malami, Hafizullahi, ɗan Isa, siriri kamar karan dawa, amma yara na son shi. Waya ta dawo, sai dai yau akwai gobe babu, kuma ta maza ce, suna gona da ita. Sai mata sunka ce su dai hayaƙi sunka sani. Ɗazu bayan an watse daga raɗin suna Malam Labbo ya yi sallama bakin ƙofa, ya ce iyaye sun zauna, sun ce rumfar Inna ni za a ba. Ni! Naja'atu mai gudun lissafi! Da ludayinta da randarta da ƙarfen bugawa, duka. Hadiza ka damawa tun da anka buɗe, kuma ita za ta riƙe min kafin in gama wankan jego, ita da kanta ta ce a ba ta, kuma wallahi kununta tsululu ne, yara na ta ƙorafi, Halimatu ta ce kamar ruwan wankin ƙwarya.

Badaru bai so ba. Ya zauna bakin gado, yac ce, "Da jaririya ga baya za ki riƙa zagaya ajin nan da asuba?"

Na ce, "To wa za shi zagaya? In ba a zagaya ba Halimatu ta zauna gida, ta tsaya inda na tsaya."

Yac ce, "Sun san fari. Yanzu sun san baƙi."

Na ce na sani. Inna ma ta faɗa min tun a asibiti, baƙi ya gama aikinai, wadda za ta gaje ta ta nemi nata. Kuma na samo, don tun da anka buɗe nike jin ƙishin-ƙishin ni za a ba! Ni kaɗai na zauna na ƙulla shi ina cikin wankan jego, mai kyau ne ƙwarai, ko suna tsaye kaina ba su gane mi nike yi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in rubuta maki. Ba ni rubutawa. Takardar ga ta Burkusuma za ta bi, kuma ana sauke mutane a zazzage kaya. Mata huɗu kaɗai na faɗa ma, ga kunne, ko Badaru bai sani ba.

Badaru ya tashi. Ya fita, can sai ga shi da ƙunshi cikin leda, ya aje min bisa gado. Na buɗe, takalma ne. Ba silifa ba, na fata, masu rufi da igiya, irin na masu shiga daji, ƙasansu kauri kamar tafin raƙumi. Yac ce, "Waɗanga ba su cin wuta da sauri. Kome za ki ƙona, ki bar su ga ƙafarki."

Na yi ta dariya har ɗinkina na zafi. Shi bai yi ba.

Gero ya fara kai ƙugu. Kafin in gama arba'in ya rufe mutum. Jiya Hadiza ta ce ta ga sawu ɗaya bayan aji biyar, amma ta ce mai yiwuwa na sabon malami ne, shi ma da babur yake zuwa. Ta hura, yara sun je sun dawo lafiya.

Ga Jabir can shina ta hon, Ta-Makaranta kuma ta farka. Ki yi ma Inna addu'a, yanzu kin san wadda kike ma ita. Sannan don Allah ki bi matan Tungarmu da sunka gudo nan wajenku, gidan Hamza da su Khadija da duk wadda kinka sani, ki ce masu an buɗe, akwai kunu, akwai mai hura wuta, wadda ta shirya dawowa ta zo ta same ni in faɗa mata sabon ga kunne. Mata kaɗai, kin ji, kuma da baki. In kin gama ki sa takardar ga cikin murhu ki tsaya har ta cinye. Kada ki damu, takarda ce, hayaƙinta fari ne.